Murfi nawa ko ƙarfe nawa? Yadda lokacin feshi ke sauya ƙarfin maganin ƙwari

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon mai sayar da maganin feshi da damina ya san tambayar da manoma suka fi yi: murfi nawa zan zuba a famfo ɗaya? In an fesa ƙwari ba su mutu ba, sai a ce a ƙara murfi, ko a gauraya magani biyu, ko kuma a ce jabu aka sayo. Jabu kam akwai shi, haka ma ƙwarin da suka riga suka gagari magani. Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba, alhali masana ƙwari sun fi shekara 60 suna nuna muhimmancinta: da ƙarfe nawa aka yi feshin?

A 1964 wasu masana biyu a jihar Teksas ta Amurka, Cole da Perry Adkisson, suka gwada wani magani mai suna metil faratiyon a kan ƙwaron da ke huda ƙwallon auduga, wanda ya daɗe yana addabar manoman kudancin ƙasar. Sun ajiye ƙwarin a ɗakin gwaji, inda fitila ce ke zama musu rana, kashe ta kuma dare. Magani ɗaya ne, awo ɗaya, ƙwarin ma iri ɗaya, lokaci kaɗai suka riƙa sauyawa. A wani rukuni, da aka sa maganin daidai wayewar gari, kusan 10 cikin 100 ne suka mutu. Da aka sa shi bayan awa uku kacal, kusan 90 cikin 100 suka mutu. Abin da ya ƙara ba su mamaki shi ne, in suka matsar da lokacin kunna fitila, juriyar ƙwarin ma sai ta bi shi. Kuma juriyar ba sau ɗaya take zuwa a yini ba, tana dawowa duk bayan awa shida. Adkisson ɗin nan shi ne daga baya, a 1997, ya samu babbar lambar yabo ta abinci ta duniya saboda aikinsa na rage dogaro da guba a gona.

A wannan shekarar ta 1964 aka ga irin haka a jikin wani mitsitsin ƙwaro dangin gizo-gizo mai tsotse ganye, da aka gwada masa DDVP, sinadarin da ke cikin Sniper da fiya-fiya. A 1970 kuma wasu masana suka gano cewa ƙudan gida da wani nau'in kyankyaso sun fi saurin mutuwa da maganin fairetrom, wanda ake samu daga furen wani tsiro, wajen ƙarfe 4 na yamma.

Me ke kawo haka? Ƙwaro yana da agogo a cikin jikinsa, kamar yadda mutum da tsuntsu da tsiro suke da shi. A 1971 Ronald Konopka da Seymour Benzer suka gano ƙwayar gadon farko da ke tafiyar da wannan agogo, a jikin ɗan ƙaramin ƙudan nan da ke taruwa kan ruɓaɓɓen mangwaro ko ayaba. Daga baya Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young suka warware yadda yake aiki, aka ba su kyautar Nobel a 2017. A taƙaice, ƙwayar gadon tana sa a ƙera wani furotin, furotin ɗin ya yi ta taruwa cikin dare, in ya yi yawa sai ya koma ya rufe ƙwayar da ta haife shi, sannan ya lalace da rana, a sake sabon zagaye. Zagayen yana cin kusan awa 24, hasken rana kuma shi ke saita shi kullum don kada ya kauce. Ko an kulle ƙwaro cikin duhu na kwanaki, zai ci gaba da tashi da kwanciya kusan a kan lokacinsa.

Wannan agogo ba barci da farkawa kaɗai yake tsarawa ba. Yana tsara har da lokacin da jiki ke ƙera sinadaran karya guba. Tun kafin ɗan Adam ya san feshi, ƙwari suna fama da dafin da tsirrai ke kare kansu da shi: taba na da nata, auduga na da nata, darbejiya ma haka, ɗacinta ba na banza ba ne. Saboda haka ƙwaro ya zo duniya da wasu sinadarai a hanjinsa da kitsen jikinsa da 'yan jijiyoyin da ke yi masa aikin ƙoda, waɗanda ke farfasa dafi kafin ya kai ga ƙwaƙwalwa. Mafi shahara a cikinsu su ne dangin da ake kira P450 da kuma GST. Su ne dai suke tarar maganin feshi in ya shiga jiki. To amma ƙera su na cin ƙarfi, don haka jiki ba ya tara su da yawa dare da rana. Kamar mai ƙosai ne da ba ta barin wuta na ci a murhu wuni guda, sai ta hura ta gab da lokacin da masu saye za su fito. Ƙwaro ma yakan ƙara waɗannan sinadarai ne a daidai sa'o'in da ya saba cin abinci ko yawo, lokacin da ya fi haɗuwa da dafi. In feshi ya same shi a lokacin, ya tarar da shi a shirye. In ya same shi bayan sun ragu, ɗan kaɗan ma ya isa.

A 2009 Louisa Hooven da Jadwiga Giebultowicz da abokan aikinsu a jami'ar jihar Oregon suka auna wannan a jikin ƙudan 'ya'yan itace da magunguna huɗu. Biyu daga ciki, furofoksur da fifronil, sun nuna bambanci ƙarara. Ƙudan ya fi juriya da rana tsaka, ya fi rauni da asuba da magariba da tsakar dare. A ɗaya maganin sai an ninka awo har sau uku kafin a kashe adadin da ake kashewa a lokacin rauni, a ɗayan kuma sau biyu. Sauran biyun, deltametrin da malatiyon, ba su nuna wani babban bambanci ba. Bayan shekara guda wannan rukuni ya nuna cewa in aka lalata wasu ƙwayoyin gadon agogon, juriyar ƙudan ga guba na sauyawa, abin da ya tabbatar da cewa agogon ne ke riƙe da linzamin.

A nan ya kamata mai karatu ya lura da wani abu, don kada a ɗauki maganar a gurguje. Ƙwaron auduga ya fi ƙarfi da wayewar gari, ƙudan 'ya'yan itace kuwa a lokacin yake da rauni. Ƙudan gida ya fi mutuwa da la'asar, sauron zazzaɓi kuwa, kamar yadda za mu gani, a lokacin yake ƙara juriya. Babu wata sa'a guda da za a ce ita ce ta kashe ƙwari duka. Kowane ƙwaro da jadawalinsa, kowane magani da hanyar da yake bi a jiki. Duk wanda ya ce maka feshin asuba ko na yamma ya fi a kowane hali, ya faɗi abin da binciken bai faɗa ba.

Akwai ma inda lamarin ke juyewa gaba ɗaya. Wasu magunguna ba su da dafi sosai a yadda suke cikin kwalba, sai sun shiga jikin ƙwaro sinadaran P450 sun taɓa su sannan su rikiɗe su zama guba ta gaske. Malatiyon haka yake, haka ma wani magani da ake kira kulofenafir. Ga irin waɗannan, sinadarin da ke kare ƙwaro daga wani dafin shi ne ke wasa wuƙar da za ta yanka shi. Wannan batu ya fi fitowa fili a yaƙi da sauro, kuma a nan ne maganar ta fi shafar mu, tunda Najeriya kaɗai ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, Nijar ma tana cikin ƙasashen da cutar ta fi yi wa illa.

A 2011 Samuel Rund da Giles Duffield na jami'ar Notre Dame a Amurka suka bi ƙwayoyin gadon sauron Anopheles gambiae, mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro, awa bayan awa. Sun tarar kusan kashi 16 cikin 100 na ƙwayoyin suna hawa da sauka bisa lokaci, cikinsu har da waɗanda aka san su da taimaka wa sauro jure maganin gidan sauro da DDT. A 2014 wannan ɗakin bincike ya gwada sauron da DDT da deltametrin a lokuta daban-daban, ya ga juriyarsa na ƙaruwa da yamma lis, gab da lokacin da yake shirin tashi neman jini. A Taiwan kuma, a 2010, an ga sauron Aedes, mai yaɗa shawara da zazzaɓin dengi, wanda shi da rana yake cizo, ya fi jure fametrin da rana, kuma da aka toshe ƙwayar agogonsa juriyar ta ragu. Kowannensu dai yana ɗaura ɗamara ne dab da lokacin fitarsa.

Yanzu a dubi yadda ake gwada ko sauro ya gagari magani. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ɗauki matan sauro 'yan kwana 3 zuwa 5 da ba su sha jini ba, a sa su cikin wani bututu mai takardar da aka jiƙa da magani na tsawon awa ɗaya, a fitar da su, a ƙirga matattu bayan awa 24. In 98 cikin 100 suka mutu, magani na aiki. In ba su kai 90 ba, an ce sauron ya yi juriya. Da irin wannan gwaji masu bincike daga Jami'ar Bayero ta Kano suka nuna a 2014 cewa sauron Auyo a Jigawa da na Bunkure a Kano ya yi nisa wajen jure DDT da magungunan da ake sa wa gidan sauro. Gwajin yana da amfani ƙwarai, da shi ake yanke shawarar irin gidan sauron da za a raba wa miliyoyin mutane. Sai dai akasari da rana ake yin sa, lokacin aikin ofis, alhali sauron da dare yake karo da gidan sauro, yana cikin tashi, jikinsa na aiki gadan-gadan. Sauron da aka tasa daga hutu da hantsi ba lallai ne ya zama daidai da wanda ke shawagi a kan gadon yaro da ƙarfe 2 na dare ba.

Kulofenafir ya kusa faɗawa wannan rami. A gwajin rana yakan nuna kamar ba shi da ƙarfi, amma in aka rataya gidan sauro mai ɗauke da shi a ɗakunan gwaji na ƙauye, mutum ya kwana ciki, sai a wayi gari da matattun sauro masu yawa. A 2015 Richard Oxborough da abokan aikinsa, waɗanda suka yi gwaji a Moshi ta ƙasar Tanzaniya, suka nuna dalili: da aka yi gwajin da dare, mutuwar ta ƙaru sosai, haka ma in ɗakin ya fi ɗumi. Maganin yana hana jiki samar da kuzari ne, don haka ya fi cin sauron da ke kan aiki. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da gidan sauro mai haɗin kulofenafir a wuraren da tsohon magani ya daina ci. Da an tsaya ga gwajin rana kaɗai, da an iya watsar da ɗaya daga cikin makaman da suka fi amfani a yau. A ganina wannan shi ne mafi girman abin da sanin lokaci ya riga ya haifar, kuma rayukan yara ne a ciki.

Sai dai agogon cikin jiki rabin labari ne. Kafin magani ya yi aiki dole ya taɓa ƙwaron, kuma inda ƙwaro yake ya danganta da lokaci. An ga wannan a Garki, wadda yanzu take Jigawa, a babban aikin da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka yi daga 1969 zuwa 1976. An fesa furofoksur a bangon ɗakuna a damunar 1972 da ta 1973, sauro ya ragu matuƙa, amma cutar ba ta yanke ba, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na sauron ba ya sauka a bango bayan ya ci, waje yake fita ya huta. A kudancin Benin, bayan an raba gidan sauro ga kowa, binciken da aka buga a 2012 ya nuna a wani ƙauye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na cizon wani nau'in sauro ya koma bayan ƙarfe 6 na safe, lokacin da mutane sun riga sun fito. A Bangui ta Afirka ta Tsakiya, binciken 2022 ya tarar kashi 20 zuwa 30 na cizon da rana ake yin sa. Saboda haka wanda ya tashi sallar asuba ya zauna a tsakar gida, ko yaran da ke karatun dare a waje, gidan sauro mafi inganci ma ba ya tare da su a wannan sa'a.

A gona wannan ɓangaren na ɗabi'a ne ya fi saurin amfanar manomi, domin yana iya ganin sa da idonsa. Tsutsar masarar nan da ta shigo Afirka daga nahiyar Amurka, wadda aka fara ba da rahotonta a Najeriya da maƙwabtanta a farkon 2016, da rana takan lafe can cikin zuciyar masara inda sabon ganye ke fitowa a naɗe, ta toshe bakin da kashinta. Wanda ya bi gona da feshi da azahar ganyen waje kawai ya wanke. Shi ya sa malaman gona ke cewa a yi da sassafe ko da yamma lis, a kuma saita bakin famfo cikin zuciyar. Tsutsar furen wake ma haka take, da rana tana cikin fure ko cikin ƙwanso, da dare take fitowa ta koma wani. Masu kamun fara sun daɗe da sanin nasu: da dare da sanyin asuba fara na maƙale a reshe ba ta iya tashi, sai rana ta gasa ta.

Ga kuma yanayi. Magungunan dangin fairetroid, irin su Karate da saifametrin da suka cika kasuwanninmu, galibi sun fi kisa in da sanyi-sanyi, ƙarfinsu na raguwa in zafi ya tsananta. Dangin DDVP da malatiyon kuwa sun fi ci da ɗumi. Hasken rana yana lalata ruwan darbejiya da fairetrom da maganin Bt, wanda ake yi da wata ƙwayar bakteriya mai kashe tsutsa, cikin ɗan lokaci, don haka feshin yamma na ba su dare guda su yi aiki. Da rana tsaka ƙasa ta yi zafi, iska na tashi sama tana kwashe ƙananan ɗigon magani, wasu ma su bushe kafin su sauka. Wannan ne ya sa Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke shawartar masu feshin farin dango su yi aiki tsakanin ƙarfe 8 da 11 na safe, ko bayan 4 na yamma. Raɓa mai yawa ma tana sa magani ya zube ƙasa daga kan ganye.

Akwai wani sharaɗi da ke rage girman maganar agogon jiki, kuma adalci ne a faɗe shi. Maganin da ke daɗewa a kan ganye ko bango na kwanaki ko watanni, ƙwaro zai taka shi a kowace sa'a, don haka lokacin da aka fesa shi bai cika damuwa ba. Inda lokaci ke da tasiri sosai shi ne magani mai bugu ɗaya ya wuce: feshin gwangwani a ɗaki, hayaƙin da ake busawa a unguwa, da magungunan da rana ke saurin kashewa. Kuma waɗannan na ƙarshe su ne suka fi ƙarancin illa ga mutum da ƙasa, su ne ya kamata mu so su yi nasara. Sau da yawa manomi kan gwada ruwan darbejiya da rana ƙiri-ƙiri, ya ga bai yi ba, ya yanke hukuncin cewa aikin banza ne, ya koma wa guba mai ƙarfi.

Ba ƙwaron da ake hari kaɗai ke cikin gona ba. Furen wake da sassafe yake buɗewa ya rufe kafin rana ta take, kuma a wannan tsakanin ne ƙudan zuma ke kansa. Kabewa da kankana da gurji ba sa 'ya'ya sosai sai da zuma. Feshin hantsi a gonar da ke fure kisan zuma ne kai tsaye, feshin bayan la'asar kuwa yana samun ta ta koma amya. Abin damuwa kuma, bincike biyu da aka buga a 2020, ɗaya a Amurka ɗaya a Ingila, sun nuna magungunan dangin niyonikotinoid, irin su imidakulofrid, suna rikita agogon jikin zuma kanta da danginta, su kasa barci a kan lokaci, su riƙa motsi da dare. Tarayyar Turai ta hana amfani da uku daga cikinsu a fili tun 2018. Sannan ga shi kansa mai feshin, wanda sau da yawa yaro ne ɗan ƙwadago da famfo a baya, ba safar hannu ba takunkumi. Cikin zafin rana gumi na karyo masa, fata ta fi shan magani, kuma ba wanda zai iya jure rigar kariya a wannan ƙuna.

Ɗabi'ar ƙara magani ta riga ta ja mana asara. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan DDVP da aka samu a cikinsa, kuma irin wannan waken ne muke ci a gida. Kowane ƙarin murfi yana kuma tace ƙwarin da suka fi juriya su hayayyafa, kamar yadda ya faru da sauron Auyo.

Gwajin da Cole da Adkisson suka yi ba mai tsada ba ne: ƙwari, magani, fitila, da mai haƙurin tashi cikin dare ya ƙirga. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, da cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa ta Jami'ar Bayero, da tashar cibiyar binciken aikin gona ta Nijar (INRAN) a Maraɗi, duk suna da ƙarfin yin sa a kan tsutsar wake da tsutsar masara da ƙwaron tumatir ɗin da ya cinye gonakin Kano da Kaduna a 2016, da magungunan da ake sayarwa a kasuwanninmu, cikin zafinmu. Abin da ya fito a rubuta shi da Hausa a jikin kwalba, kusa da inda aka rubuta awo. Kafin nan, manomi na iya yin nasa a kakar bana: ya raba gona biyu, ya haɗa magani daidai yadda takarda ta ce ba ƙari, ya fesa rabi a lokacin da ya saba, rabi kuma bayan la'asar in iska ta lafa, sannan bayan kwana biyu ya buɗe zuciyar masara 20 a kowane ɓangare ya ƙirga tsutsar da ta rage da rai.